Yatsan Baba da na'urar zaɓe

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiya maƙeri na Barkiya, Allah ya jiƙansa. Na tuna shi ne da na ji ana muhawara a rediyo wai lokaci ya yi da za a mayar da zaɓe kacokan kan na'ura. Raina ya ɓaci, na kashe rediyon.

A zaɓensa na ƙarshe, daga Dutsin-Ma na je na raka shi rumfa. Tun hantsi yake kan layi, da aka zo kansa na'ura ta ƙi yatsansa. Wutar maƙera ta daɗe da shafe zanen. Aka ce ya goge da toka, ya goge. Aka ce ya lasa, dattijo mai furfura ya lashi yatsa a gaban sa'annin 'ya'yansa, ana dariya. Har la'asar bai jefa ƙuri'a ba. A hanya ya ce mini, "Duk Barkiya babu garmar da ba ta san yatsan ga ba, sai wanga akwati." Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa wani ɗan siyasa ya zo gaisuwa, ya ja ni gefe. "Malam Habu, kawo katin zaɓen marigayi a cire sunansa, kada a yi ɓarna da shi." Ni da karatuna, ni na shiga ɗaki na ɗauko na miƙa masa, har da godiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Da zaɓe ya zagayo, aka ce babu sabis, aka koma takarda. Ina neman sunana sai na ga nasa a sama da nawa, an riga an sa masa alamar ya yi zaɓe. Na yi magana, jami'in ya ce in matsa, layi na da tsawo.

To, yanzu masu wannan aikin ne za a damƙa wa injin da babu mai ganin cikinsa. Takarda dai na gani da idona, na'ura fa? Na san abin da Baba zai ce, don ya sha faɗa wa masu kawo gyara: komai kyan ruwan fartanya, in ƙota ruɓaɓɓiya ce ba ya ɗora ta, sai an sake ƙota. Ba na'ura nake ƙi ba. Hannun da zai riƙe ta nake ƙyama.

Garemanin da ya ƙera suna nan suna huɗa har Birchi, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya cuce shi. Sau uku ina kai takardar rasuwarsa a goge sunan, yana nan. Mutumin da aka hana zaɓe yana raye, ga shi yana yi daga kabari, kuma ban ma san wa yake zaɓa ba.