Tarakta Mai Igiya

Ranar wata Asabar ce a farkon watan Afrilu, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, Baba ya kwashe mu zuwa Kafanchan mu ga tarakta. Ni da Mama da yayana Dauda muka bi shi, muka sauka a tasha, muka taka har bayan layin dogo inda wani mai sayar da injinan niƙa da na ban ruwa yake da shago. Ni babbar tarakta nake jiran gani, irin wadda ake hawa a zauna. Sai mai shagon ya yaye tamfol, ga wasu ƙananan injina biyu, kowanne da taya biyu da dogayen hannaye kamar na baro, mutum zai riƙe yana bin sa a baya yana huɗa. Ɗaya ja ne, marar nauyi, fetur yake sha, da igiya ake tayar da shi kamar janareto. Ɗayan kore ne, ƙato, dizal yake sha, wanda a wurinmu ake ce wa gas, shi kuwa sai an zura masa wani lanƙwasasshen ƙarfe an murɗa da ƙarfi kafin ya tashi. Baba ya dafa koren, Mama ta tsaya kusa da jan, ni da Dauda muka tsaya a tsakiya muna kallon ƙasa.

Citta ce ta kai mu wurin. Gonarmu tana bayan ƙauye, kusa da rafi, kuma citta ba ta son ƙasa mai tauri. Sai an kafce da zurfi, an farfashe hoge, an tsince saiwoyi, sannan a dasa a rufe da ganye. A da gayya ake kira. Mama ta kwana biyu tana shirin faten acha da kunu, samarin unguwa su zo da garemaninsu suna waƙa cikin yarenmu, kafin rana ta yi sanyi an gama. Amma a shekarun nan samarin sun watse, wasu sun tafi Kaduna da Abuja, wasu sun koma acaba a Gidan Waya suna ɗaukar ɗaliban kwaleji. Baba, Malam Istifanus, bai daɗe da yin ritaya daga koyarwa ba, ga ciwon baya da ya kama shi, idan ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Aikin ya dawo kan Mama da Dauda da ni. Ina dawowa daga makaranta in ba aladu dusa, in ɗebo ruwa, in ɗauki fartanya in bi su. Tafin hannuna ya yi kanta har idan muna carafke duwatsun ba sa zama a ciki sosai.

Tun bayan Kirsimeti Baba ya ce abin da aka sallame shi da shi daga aiki inji zai saya da shi, kuma tun daga ranar gidanmu bai sake samun natsuwa ba. Ya tambayi makaniki, ya tambayi direban motar kasuwa, ya tambayi Fasto bayan sujada, kowa da abin da yake faɗa masa. Da safe ya ce ya yanke shawara, da rana ya warware. Yana cin abinci sai ya ajiye cokali ya fara lissafa wa Mama dalilai kamar yana gaban allo: dizal yana da ƙarfi, ba ya shan mai da yawa, yana daɗewa bai lalace ba, zai iya shiga laka ta bakin rafi, har a yi wa maƙwabta huɗa. “Abin da za a saya sau ɗaya, a sayi mai ƙarfi,” haka yake rufewa kullum. Mama ba ta yi karatu mai nisa ba, kuma ba ta musa ko ɗaya daga cikin dalilansa. Ita dai magana guda take maimaitawa tana tsince wake: “Ƙarfin da ba zan iya tayarwa ba, me zai yi mini?” Sai Baba ya ce ai ga Dauda, saurayi mai jini a jika. Sai Mama ta yi shiru, Dauda kuma ya tashi ya fita.

Ni ban fahimci wannan shirun ba a lokacin. Damuwata daban ce. Na riga na baza labari a makaranta cewa za mu sayi tarakta, har yara suka sa mini suna direba. Duk ranar Litinin sai su tare ni a bakin aji suna tambaya ko ta iso, in ce tana hanya. A gindin mangwaron tsakar gidanmu kuma ga irin citta an tara an lulluɓe da ganye, kullum in na ɗaga gefe sai in ga ya ƙara tsiro. Irin ba zai jira kowa ba, mu duka mun san haka.

To, a shagon nan na Kafanchan Baba ya naɗe hannun riga ya ce zai nuna wa Mama cewa ba wani abu ba ne. Ya zura ƙarfen ya fara murɗawa. Injin ya yi tari ya ƙi. Ya sake, gumi ya keto masa, sai ƙarfen ya dawo baya ya buge shi a wuyan hannu. Ya saki, ya juya mana baya yana riƙe da wurin. Mama ta matsa kusa da shi. Dauda ya karɓa, bai sha wata wahala ba injin ya kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Fuskar Baba ta washe duk da ciwon.

“Kin gani? Ga mai tuƙi nan,” ya ce wa Mama da ƙarfi don ta ji.

Dauda ya kashe injin. “Baba, kada ka saya domin ni. Bayan Ista zan tafi Kaduna wurin Kawu in koyi aikin lantarki. Ba zan zauna a gona ba.”

“Da izinin wa?”

“Na so in faɗa maka tuntuni. Mama ta sani.”

Baba ya juya ya dubi Mama, ita kuma ba ta kawar da ido ba. Ta ce masa cikin yarenmu, a hankali, yaron ya roƙe ta ta bar shi ya faɗa da bakinsa, shi ya sa ta yi shiru. Mai shago ya shiga gyara wata waya da ba ta lalace ba. Baba ya saukar da hannun rigarsa, ya ce wa mutumin sai mun dawo, muka fita ba mu sayi komai ba. Muka shiga mota muka koma gida.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi tsawo da na sani a ƙuruciyata. Ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, maƙwabta suka fita da sassafe. Baba ya daina maganar inji gaba ɗaya. Da safe ya karanta Littafi Mai Tsarki a gurguje, ya yi addu’a gajeriya, ba ya ambaton sunan kowa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zaga bayan rumbu ya dawo, ya ɗauki rediyo ya ajiye. Dauda yana ta aiki kamar mai neman gafara, ya gyara ɗakin aladu, ya faskare itacen da zai ishe mu har damina ta wuce, amma Baba ko kallon wajen bai yi ba. Mama kuma ta koma rera waƙoƙin zumuntar mata ƙasa-ƙasa, abin da take yi ke nan idan ranta ba daɗi.

Wata safiya muka tashi babu Baba, babu garmarsa. Mama ta zuba kunu a jarka ta ce in bi shi. Na same shi zaune a ƙasa a bakin gona, garmar tana kwance a gefe, abin da ya kafce bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya kasa tashi. Na durƙusa ya dafa kafaɗata, muka miƙe da ƙyar. Bai sha kunun ba. Ya daɗe yana kallon gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, sannan ya kama hannuna ya buɗe tafin ya duba kantar da ke ciki.

“Rahila, gobe ba za ki makaranta ba. Ke da mamanki za ku raka ni,” ya ce.

Da muka koma shagon, mai shago ya nufi koren injin da murmushi, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya nuna jan, ya ce, “Ba ni zan ja ba. Su za su ja.” Mama ta ɗaure zane sosai, ta taka ƙarfen ƙasa, ta fizgi igiyar, injin ya tashi nan take. Aka kashe, Baba ya ce saura ni. Na ja igiyar ta kuɓuce mini, na sake ta ƙi, wasu samari da ke shagon suka fara dariya. Baba bai dube su ba, ya ce in matso da ƙafata, in ja da dukan jikina ba da hannu kaɗai ba. Na yi yadda ya ce, sai ga shi ya kama, hannayen ƙarfen suna karkarwa cikin nawa. Da la’asar aka sauke shi a ƙofar gidanmu daga bayan akori-kura, yaran unguwa suna bin sa da gudu.

Ba zan ce komai ya tafi daidai daga nan ba. Duk abin da Baba ya faɗa game da fetur ya tabbata. Injin yana shan mai kamar ba gobe, a lakar bakin rafi kuma sai ya shaƙe ya mutu, dole muka bar wannan ɓangaren muna yi da garma. Da aka shiga wahalar fetur, ni ce mai bin layi da jarka, wani lokaci in dawo hannu biyu mu koma wurin ’yan bumburutu. Duk sa’ad da injin ya mutu a tsakiyar gona sai mu ji muryar Baba daga inuwar ɗorawa: “Da mai gas ne, da tuni kun gama.” Mama ta share gumi ta sake jan igiya. Amma citta ta shiga ƙasa a kan lokaci a wannan shekarar da kuma wadda ta biyo bayanta. Ranar tafiyar Dauda, Baba bai raka shi tasha ba, sai dai ya kira shi ɗaki ya ɗora masa hannu a ka, addu’ar kuwa ta yi tsawo har muka gaji da tsayuwa a waje. Da ciwon bayan ya kwantar da Baba ɗungurungum ina sakandare, gonar ba ta kwana ko shekara ɗaya ba a noma ba.

Yanzu ni ce a nesa, ina koyarwa a Kujama, Dauda kuwa shi ya koma gida bayan rasuwar Baba, yana aikin lantarkinsa a Kafanchan yana duba gonar. Idan lokacin huɗa ya yi waya kawai yake bugawa, mai tarakta ya zo, kafin rana ta take an gama, babu wanda ya yi gardama da kowa. Mama ta tsufa, ba ta zuwa gona. Kwanan baya da na je gida take faɗa mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ta ce har Baba ya mutu bai taɓa cewa ta yi gaskiya ba, amma kowace shekara kafin ruwan farko sai ya sa a jawo masa injin gaban kujerarsa, ya cire tsohuwar igiyar ya sa sabuwa da hannunsa, don kada ta tsinke mana muna ja. Ta faɗa tana dariya, daga baya ta sa bakin zane ta goge ido.

Ashe da hannu Baba yake faɗar abin da bakinsa ya kasa.