Asu Ya Tona Asirin Kakana

Jama'a, raina a ɓace yake!

Kun tuna kan barewar da ke rataye a falonmu na unguwar Uwani? Wanda marigayi kakana ya ce ya harbo don ya sace zuciyar Hajiya Kaka, har suka gudu Arewa da shi lokacin yaƙin basasa? Yau ina shara na ga gashinsa yana zuba. Asu ne! Ya cinye kunne ɗaya kaf!

Na ruga kasuwar Ogbete na sayo fiya-fiya. Ina fesawa ina kuka.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

Na ce, "Shaidar soyayyarku ce ke lalacewa!"

Ta ja tsaki. "Mutumin da ko kaza bai iya yankawa? Wani Bature mai gudun yaƙi ya yar, shi kuma ya tsinta. Ranar da za mu gudu, akwatin zannuwana ya sauke daga mota, ya ɗora wannan mushen."

Na sake ɗaga maganin zan fesa.

Ta ce, "Ajiye maganin nan. Shekara da shekaru nake jiran ƙwarin nan!"