Garin da Kaka Ta Cinye da Buta

A ƙauyenmu, kusa da Ɗan Gulbi, tatsuniyar kakarmu Iya Hassu tun la'asar take somawa. Takan sa mu kwaɓa laka mu gina mata gari a gindin darni: ɗakuna kamar dunƙulen hannu, da rijiya, da masallaci, sai ɗan ƙoƙo guda a matsayin rumbu. Ni ke gina masallacin, kullum kuwa sai ya karkace.

"Kai maigidana," in ji ta, "in haka za ka gina mini ɗaki, na fasa auren."

Da an gama tuwo sai ta hura wuta kusa da garin namu. Ta jawo faifai da gero, da ƙwarya kife a kwanon ruwa, da buta cike. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku matso ku tarbe ta."

Wai wani gari ne aka daɗe ba ruwa. Rannan sai ga ɗan ƙaramin hadari, bai fi tabarma ba, ya tsaya bisa garin yana neman wurin sauka. Mutane suka ɗaga kai suka yi tsaki. "Mu da ke jiran babba, wannan mi zai jiƙa?" Suka fito da taɓare suna buga turame har suka kore shi. Wata yarinya kaɗai ta miƙa masa tafin hannu, ya ɗiga mata ɗigo uku ya wuce yana kuka. Ashe uwarsa ya tafi kira.

A nan Iya Hassu ke soma aikinta. Ta zuba gero bisa faifai tana karkaɗawa, sai mu ji yayyafi. Ta watsa dusa cikin wuta, walƙiya ta haske mu. Ta daki ƙwarya, ƙanwata ta ƙanƙame ni. Daga nan ta ɗaga buta ta saki ruwa bisa garin da muka gina tun la'asar. Muna gani ɗakuna na narkewa, masallacina na farko. Ƙoƙon nan kaɗai ke tashi bisa ruwa, don a cikinsa yarinyar ta ɓuya da iyayenta.

Amma ba ta taɓa barinmu mu tashi a haka ba. Sai ta ce, "Ta ƙare. Ku zo ku ga hannuna." Kowa ya taɓa faifan, kowa ya daki ƙwaryar, har mai kuka ya koma dariya. Takan ce, "Wanda ya tsorata yaro, shi ke da alhakin nuna mishi da mi ya tsorata shi."

Da na girma na dawo Dakoro, na tarar da gidan bidiyo a bakin kasuwa. Nan na fara ganin finafinan da ruwa ke cin birni, ko ƙasa ta tsage. Na farkon ba su firgita ni ba. In ka zuba ido za ka gane gidajen ƙanana ne aka gina, ɗigon ruwa ɗaya ya kai girman taga. Wani daga baya ya yi ihu, "Kwali ne!" ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuwa sai in ce a raina, su ma suna da tasu Iya Hassu. Shekaru na tafiya, aikin na ƙara kyau, har ido ya daina gano inda aka yi ɗinkin.

Bara, gab da damina, ƙanen matata ya zo daga Maraɗi da irin wannan fim a wayarsa. Ɗiyata Rabi, mai shekara bakwai, ta leƙa ta bayansa. Ta ga ruwa ya miƙe tsaye ya fi bene, ya rufe mutane suna gudu. Tun daga ranar, da hadari ya haɗu sai ta shige ƙarƙashin gado, ko fura ba ta karɓa. A ƙasar da ake fita roƙon ruwa, ga ɗiyata tana roƙon kada ya zo. Na ce mata ƙarya ce, ta ce, "Baba, ai da idona na gani."

A ajinmu na karatun manya na tambayi malaminmu, da muke ce wa mushe, yadda ake yin abin. Ya ce yanzu akasari cikin na'ura ake zana shi, ko ɗigon ruwa babu. To, ba faifai, ba buta, mi zan nuna mata ta taɓa?

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Rana ta uku na kwaɓa laka na kira ta. Muka gina gari, masallacin ya karkace kamar dā. Bayan magariba na ba ta labarin ɗan hadari, amma da aka zo wurin ruwa sai na miƙa mata butar.

"Ni zan zuba?"

"Ke ce uwar hadari yau."

Ta zuba kaɗan, ta tsaya, ta dube ni. Sannan ta juye duka tana ƙyalƙyala dariya. Na ce mata mutanen fim ma haka suke yi, sai dai tasu butar tana cikin na'ura.

Dā na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a raina ƙarami. Sai yanzu na gane rabin darasin yana cikin abin da Iya Hassu ke yi bayan ta rufe baki. Masu fim sun fi ta gwaninta nesa ba kusa ba, amma su in sun gama, ba mai cewa ku zo ku ga hannuna. Wannan aikin ya dawo kanmu iyaye.

Ruwan farko ya sauka bayan mako guda, yayyafi ne ɗan kaɗan. Rabi ta tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

"Baba, wannan ɗan ne ko uwar?"

"Ɗan ne."

Ta miƙa tafin hannunta waje. "To, kada kowa ya kore shi."