Kuskuren da Ba Na Gangan Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran malaminmu na lissafi, wanda muke kira Malam Alwatika.

Malam, mu muka laƙaba maka wannan suna, shekara ashirin da suka wuce. Ka rubuta haruffan a da b cikin baka, ka ce mu ninka su da kansu sau shida, muka yi ta gumi muna cika shafi. Sai ka zana alwatikar lambobi, kowace lamba jimlar biyun da ke samanta, ka warware abin a layi guda. Wallahi mun zaci siddabaru ne.

Kuma ga halinka: kowane darasi sai ka dasa kuskure ɗaya da gangan. Ka sa sha shida a gurbin sha biyar, ka koma bakin taga kana kaɗe alli daga hannun riga. Wanda ya gano, ka ce, "Yauwa, ka kama ɓarawo!" Ni da na fi kowa surutu, sau biyu kacal na taɓa kama ka. Duk da haka ka ja ni har na zama malama, teburina kusa da naka.

Makon da za ka kwanta rashin lafiya, ina bayan ajinka ina duba littattafai, ka yi kuskure uku a layi ɗaya. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta nuna. Ka daɗe kana kallon allo, ba ka gan su ba. Ni na gane ba na gangan ba ne. Amma na yi dariya tare da yara, don kada su gane su ma. Ban ce maka ka je asibiti ba, Malam, kunya ta hana ni. Wannan abu yana ci mini rai.

Jiya na karɓi ajinka. Yarinyar da ta nuna kurakuran ta ce, "Malama, ranar nan da gangan ya yi, ko?"

Na ce mata e. Allah ya yafe mini.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya shafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ga Inna mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma ya ba mu.