Ranar Da Na Kashe Inji A Gangaren Rafi

Na kashe injin mota a kan gangara, mahaifiyata tana zaune a gefena. Shekara tara ke nan, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da wannan ranar ba.

Ni direba ne, ko in ce na taɓa zama direba. Ban yi boko ba, a tasha na koyi tuƙi. Shekara ashirin da wani abu ina jan tsohuwar motar maigidana, wani Alhaji mai sayen gyaɗa a nan wajen Tsanyawa. Irin motocin nan ne na da, masu dogon gaba, silinda takwas, jiki duk ƙarfe. Idan na tashe ta da safe, kajin unguwa watsewa suke yi. Wani bijimi ya taɓa tunkuyinta, shi ya tafi yana ɗingishi, ita ko lotsawa ba ta yi ba. Aibinta ɗaya, shan mai. Saboda haka mu direbobin wancan lokaci dabara ɗaya muke yi. Idan an zo gangara sai a cire giya, a murɗa makulli a kashe inji, a bar mota ta gangara da kanta. Idan an kusa ƙasa sai a mayar da makulli, a taka kuloci, a sa giya, a saki ƙafa, inji ya tashi. Sitiyarinta da burkinta ba ruwansu da inji, ƙarfin hannunka ne da na ƙafarka. Na yi haka sau ba adadi, har hannuna ya daina neman izinina.

Da damina ne, gero ya fara fitar da kai, aka aiko mana cewa ƙanwar Inna ta rasu a wani ƙauye wajen Shanono. Ɗan yayana, wanda yake aiki a Kano, ya zo da matarsa a sabuwar motarsa don ya kai Inna ta'aziyya. Da gari ya waye zazzaɓi ya kwantar da shi, da ƙyar yake iya tsayuwa. Ya miƙo mini makulli.

"Baffa, ka kai su. Amma wannan ba irin taka ba ce, ita take canja giya da kanta. Bari in nuna maka."

Na ce, "Ni za ka nuna wa mota? Tun kana goye nake tuƙi. Wannan gwangwanin madarar ce za ta gagare ni?"

Inna ta leƙo ta ce masa, "Kwanta abinka, maigidana, raggon miji. Ranar da zan fita da kai ita ce ranar ciwonka."

Ya yi dariya, ya koma ya kwanta. Da na tsaya na saurare shi na ɗan lokaci, da ba haka labarin ya zama ba.

Gaskiya motar tana da daɗi, ban dai faɗa ba. Ba ƙara, ba jijjiga, sitiyari kamar ka juya shi da ɗan yatsa. Abin da ya dame ni shi ne wani kuka da take yi, tsit-tsit, ba ta dainawa. Matar ɗan yayana daga kujerar baya ta ce, "Baffa, bel ɗin kujera take so ku ɗaura." Na ce ban taɓa ɗaure kaina kamar akuya ba. Inna ta ce, "Auta, ɗaura mata abin da take so, kukan nan ya hau mini kai." Na ɗaura nawa, yarinyar ta miƙo hannu ta ɗaura wa Inna nata. Motar ta yi shiru.

Akwai wata doguwar gangara da ke sauka zuwa rafi, da siririyar gada a ƙasa, mota ɗaya take ɗauka. An kwana ana ruwa, rafin ya cika ya yi ja. Muna hawa kan gangarar Inna tana ba ni labarin yadda ita da marigayiyar suke zuwa itace suna yara. Ina jin ta. Hannuna ya tafi da kansa ya murɗa makulli. Wallahi ban yi niyya ba.

Da farko ban ji komai ba, don dama motar ba ta da ƙara. Sai wasu fitilu suka kama a gabana, ja da rawaya, da rubutun da ban iya karantawa ba. Na hango amalanken shanu ya hau gadar, an loda masa ciyawa, mata biyu suna bin bayansa da kaya a ka. Na taka burki, ya ɗan kama. Na saki na sake takawa. A karo na uku sai na ji kamar dutse na taka. Na sa duk ƙarfina, motar ba ta san ina yi ba.

Na mayar da makulli, ƙafata ta hagu ta tafi neman kuloci. Babu kuloci, ƙasan motar kawai nake dukawa. Na murɗa don in tashe ta, ta ƙi. Na kai hannu ƙarƙashin sitiyari inda burkin hannun tsohuwar motata yake, na kamo iska. Na ja sitiyari, wanda ɗazu nake juyawa da yatsa, na ji ya yi tauri kamar an zuba masa siminti.

"Baffa! Baffa, gada!"

Inna ba ta yi ihu ba. Ta daina labarinta, ta dafa gwiwata, ta fara salati a hankali. Wannan hannun nata ya fi ihun tsorata ni.

Abu uku ne a gabana: mutanen da ke kan gada, ruwan rafi, sai wata bishiyar ɗorawa a bakin wata gona, hannun dama, kafin a kai gadar. Na rungumi sitiyarin da hannu biyu, na ɗora masa ƙirjina, na ja har na ji wani abu ya tsinke a kafaɗata. Motar ta karkata kaɗan-kaɗan, ta sauka daga titi, ta keta geron mutane. Ina jin karan yana dukan gilashi. Sai bishiyar.

Wata farar jaka ta fashe daga cikin sitiyari ta mare ni a fuska. Motar ta cika da farin hayaƙi, na ɗauka wuta ce. Ina kiran Inna, ba ta amsa ba. Kanta ya langaɓe, kallabinta ya faɗi. Ban san tsawon lokacin ba, amma a nan na san abin da ake kira tsoro. Na ce a raina na kashe uwata don in rage man da ba ma nawa ba ne. Sai na ji ta ja numfashi, ta ce, "Auta, mun iso?"

Manoma suka rugo suka fitar da mu. Matar ɗan yayana ta fasa leɓe kawai. Ni kafaɗa da ƙafa. Inna ƙashin ƙugunta ya karye.

Gaban motar ya nannaɗe kamar takarda. Daga baya na ce wa wani tsohon bakanike da muka saba, da tawa ce ta da, bishiyar ce za ta ji jiki. Ya dube ni ya ce, "Ita ba za ta ji komai ba, gaskiya ne. Amma da sitiyarinta ya shige ƙirjinka, tsohuwa kuma ta fita ta gilashi. Waccan kanta take karewa. Wannan ta mutu ne don ku rayu." Na tuna direbobi biyu da muka binne, motocinsu kuma aka wanke aka ci gaba da aiki da su.

Ɗan yayana bai taɓa yi mini maganar motar ba, ko sau ɗaya. Inna ma ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Ta yi shekara biyu a zaune, ba ta ƙara taka ƙasa da ƙafarta ba. Ni nake ɗaukar ta in fitar da ita rana, in mayar da ita ɗaki, har Allah ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi ne, sanin da ka daɗe da shi yana iya kashe ka a inda bai dace ba, kuma idan ƙaramin yaro ya ce bari ya nuna maka, ka tsaya ka gani. Yanzu ina ƙauyenmu, ina noma gero da gyaɗa da hannu ɗaya mai ƙarfi. Idan tafiya ta kama ni, bayan mota nake zama.