Mutumin Girka a Gonar Malam Sale

Cikin shekarun da na yi ina koyar da Tarihi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da sufeto ya zo duba ni a wata sakandare kusa da Kafur. Lokacin ina sabon malami. A ƙa'ida, sai sufeto ya ga koyarwarka kafin a tabbatar da kai a aiki. In bai gamsu ba, sai ka nemi wata sana'a.

Na shirya darasi kan wani mutumin Girka na da can, masanin tarihi kuma mai falsafa, wanda ya yi rubutu kan yaƙi da mulki, har da noma. Ana gobe sufeto zai zo, aka yi ruwan shuka. Da safe na shiga aji, daga ni sai kujeru.

Sufeton, Alhaji Lawal daga Funtua, ya shigo ya dube ni. "Malam, su wa za ka koyar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk suna gona. In ka yarda, mu bi su."

Sai ya naɗe ƙafar wando.

Na tara ɗaliban da na samu a gonar Malam Sale, mahaifin wani ɗalibina. Suna sara da sungumi suna zuba masara, ni ina bin su ina darasi. Na ce mutumin ya rubuta cewa manoman ƙasarsu ma ba sa gaggawar shuka, ruwan sama suke jira. Sai tambayoyi suka ɓarke, irin waɗanda ban taɓa samu a aji ba.

Malam Sale ya dogara da sunguminsa. "Wannan ya san gona. Yana nan da rai?"

"Baba, ya fi shekara dubu biyu da mutuwa."

"Allah sarki. Kuma maganarsa ta iso har Kafur."

Sufeto ya karɓi ƙoƙon iri, ya shuka layi guda, ya tafi. Kafin masarar ta bunƙasa aka tabbatar da ni.

Yau gonar ta zama gidaje, Malam Sale ya rasu, kuma ina kewar mutanen nan ƙwarai. Ku sababbin malamai ku sani, ɗan manomi ba gudun karatu yake yi ba. Har na yi ritaya, ban taɓa tsawata wa yaron da ruwan shuka ya hana zuwa aji ba.