Bari In Tambayi Fasinja

Ku da kuka san Kawu Ilu kun san ba a taɓa yi masa tambaya ya ba da amsa a ranar ba. Ko cewa ka yi, "Kawu, wace riga za ka sa da Sallah?" sai ya karkata hula ya ce, "Bari in tambayi fasinja." Shekara da shekaru yana jan tasi tsakanin filin jirgin Dulles da cikin garin Washington, kuma a ganinsa Allah ba ya zaunar da mutum a kujerar bayan motarsa a banza. Likita ya shiga, lauya ya shiga, to don me zai wahalar da kansa shi kaɗai? Karin maganarsa kullum shi ne matambayi ba ya ɓata. Mu da muka zauna gida ɗaya da shi a Sterling mun san matambayi yana ɓata, har ya ja iyalinsa su ɓata tare.

Ni ce Hauwa'u, 'yar yayarsa, wadda yake ce wa Kulu. Ina sabuwar zuwa daga Funtuwa haƙori ya kama shi, kumatu ya kumbura suntum. Matarsa, Anti Rabi, ta ce ya je a cire. Ya ce sai ya ji ta bakin fasinja. Wata tsohuwa ta ce a cire, wani injiniya ya ce a cike ramin, wani Bahabashe ya ce kanumfari. Kullum ya dawo da sabon hukunci, kumatun na nan. Ana haka wata rana yana cin gasasshiyar masara haƙorin ya fita da kansa. Ya ɗaga shi sama ya nuna mana.

"Kun gani? Shi ma ya faɗi ra'ayinsa."

Maƙo kuwa, a kan abu ɗaya Kawu yake yin sa. Ba ya rowar abinci, ba ya rowar sutura, amma man mota kamar daga jininsa ake ɗiba. Zafi ko sanyi, in ba fasinja a ciki, na'urar sanyi da ɗumi ta motar a kashe take. Titin da ake biya kafin a hau kuwa, abokin gabarsa ne.

"Hanyar da sai ka biya za ka taka ai ba hanya ba ce, otal ce."

Akwai ranar da ya kai mu biki Lanham ta wasu lunguna da ya ce sun fi sauƙin mai. Muka yi ta ratsa unguwanni, Anti Rabi na ta gyara ɗaurin ɗankwali tana ƙwafa. Da muka isa, mata na naɗe ledar tebur, ana fitar da tukwane.

"Alhaji, ka ga abin da ka ja mana ko?"

"Me na ja muku? Na hutar da ku jiran amarya."

To wannan mutumin ne Allah ya ɗora wa alhakin karatuna.

Na gama darussan share fage na aikin jinya, na nemi gurbi wuri biyu don kada in tashi a tutar babu. Sai duka biyun suka ɗauke ni. Ɗaya kwaleji ce a Annandale, shekara biyu, abin da suke ce wa associate. Ɗaya jami'a ce a cikin Washington, shekara huɗu, a fito da cikakken digiri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk jarrabawar lasisi ɗaya ake zaunawa, duk kuma nas za a kira ka. Mai biyu zai riga fara aiki. Mai huɗu, aka ce, manyan asibitoci sun fi rububinsa, kuma shi ake ɗagawa gaba. Ruwan ido ya kama ni. Na kira mahaifiyata a Funtuwa, ta ce, "Ki bi abin da Kawunki ya ce." Baiwar Allah ta manta halin ƙanin nata.

Kawu bai taɓa kama sunayen nan na Turanci ba. Shi direba ne, sai ya raɗa musu gajera da doguwa. Ya kuma ɗauki maganar kamar aikin gwamnati.

Ran farko ya shigo yana tafa hannu. "Kulu, doguwa. Wani likitan zuciya na ɗauko, ya ce nan gaba duk wanda ba shi da digiri sai dai ya riƙe wa wasu ƙofa."

Na kwana da doguwa. Washegari ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"A fasa. Wata Hajiya 'yar Kumasi, ta tsufa a aikin kula da tsofaffi, ta ce mini, ka bar yarinyan nan ya yi biyu ya fara aiki, sauran ya ƙarasa daga baya. Gajera."

Rana ta uku wani tsohon soja ya ce in shiga soja su biya mini komai. Rana ta huɗu Kawu ya dawo da maganar haɗa magunguna, wai wani ya ce masa aikin jinya akwai ciwon baya. Na ce Kawu ai wannan ba ya cikin zaɓin. Ya ce shi dai an ba shi saƙo ya isar.

Abin bai tsaya nan ba. Ina tsakiyar wanke-wanke sai waya ta yi ƙara, in ɗauka in ji ƙarar titi.

"Kulu, kina kan sifika. Ga wani Bature nan, matar ƙaninsa nas ce. Yi masa bayani tun daga farko."

Haka zan tsaya da kumfa a hannu ina zayyana wa baƙon da ban taɓa gani ba tarihin rayuwata, shi kuma yana cewa, "Well, it depends," wato ya danganta. Duk wanda ya ce haka Kawu ba ya ƙirga shi cikin masu hankali. Na rame a makonnin nan. Da safe ni 'yar jami'a ce, da yamma 'yar kwaleji, in na kwanta kuma in yi mafarkin ina faretin soja. Na ji haushinsa ƙwarai, har na daina fitowa cin tuwo in yana falo.

Anti Rabi ta gaji ta ce, "Alhaji, yarinyar nan fa za ta rasa duka biyun."

"Ana kan bincike," in ji shi.

Kuma gaskiyarta. Makarantun biyu suka sa taron sababbin ɗalibai rana ɗaya, da safe, kuma kowacce ta ce wanda bai zo ba an ba wani gurbinsa. Ranar ta zo ban san inda za ni ba. Na shirya dai, na rataya jaka. Tun da aka idar da Asuba Kawu ya tayar da mota. Na kama ƙofar gaba, sai ya ce, "A'a. Shiga baya."

"Baya kuma, Kawu?"

"Na tambayi kowa a garin nan. Saura fasinja ɗaya."

Na shiga baya ina ƙunƙuni. Muka hau babban titin nan da ya yi wa Washington zobe, wanda in ba ka sauka ba zai dawo da kai inda ka hau. Ya dube ni ta madubi, irin kallon da yake yi wa baƙi.

"Hajiya, ina muka nufa?"

"Kawu, don Allah ka bar wasa. Kai za ka faɗa."

"Ni direba ne. Direba ba ya zaɓa wa fasinja unguwa."

Allon Annandale ya taso. Ina jiran ya karya kan mota. Ya wuce abinsa. Can gaba hanyar shiga Washington ta taso, ita ma ya wuce. Muka haye gada muka faɗa Maryland. Na fara kuka, na ce shi ya rikita ni, da ya bar ni da tuni na san abin yi. Bai musa ba. Ya miƙo mini kwalin tishu da yake ajiye wa fasinjoji, ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai akwai mai a mota."

Sai a lokacin na leƙa allurar mai. Tana ta sauka, kuma mutumin da ya sa muka rasa biki don tattalin mai ko kallonta bai yi ba. Har na'urar sanyi ya kunna mini.

Ban taɓa zama a bayansa ba sai ranar. Daga nan na ga abin da fasinjoji ke gani, mu 'yan gida ba mu gani ba. Wuyansa ya zube, hular ta yi masa yawa. Hannunsa na dama yana ɗan rawa a kan sitiyari, yana dafe shi da na hagu. A gefen kujera ga robar magani da ban san da ita ba. Na yi darussan da suka isa in gane ba gajiya ce kawai ba. Tsoro ya kama ni. Na ji shekara huɗu ta yi mini nisa.

"Kawu, Annandale."

"Gajera ke nan?"

"Gajera."

"Kin tabbata? Don akwai wani farfesa da ya ce..."

"Kawu!"

"To, to. Sai dai mun baro ta a baya. Sai mun zagayo."

Ba zai yi kwana ya koma ba, wai an riga an ci rabin hanya, asarar mai ce. Muka ƙarasa zoben nan kaf, ina cizon yatsa ina duban agogo. Mun isa ana shirin rufe ƙofar zauren. Na ruga na ba da sunana ina haki. Ina juyowa na ga Kawu ya dafa teburin matar da ke karɓar mutane, yana tambayarta da Turancinsa na tasi, ita a nata ganin biyu ta fi ko huɗu.

Ya ga ranar da na gama, ya ga ranar da na ci jarrabawar lasisi, ya gaya wa duk wanda ya shiga motarsa a makon. Ba a jima ba ciwon ya kwantar da shi. Ni nake duba shi a gida in na taso aiki, in auna, in yi allura, in yi faɗa in ya ɓoye magani a ƙarƙashin filo. Da aka kwantar da shi asibiti kuwa, bai bar hali ba. Duk nas ɗin da ta shigo sai ya tare ta: ke ta biyu ce ko ta huɗu? Har suka saba, suna shigowa suna ɗaga masa yatsu biyu ko huɗu.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu ya yafito ni da hannu.

"Kulu, na gama bincike."

"Me aka samu, Kawu?"

"Ta biyu da ta huɗu, duk allurarsu da zafi." Ya huta kaɗan. "Amma ki ƙarasa biyun da suka rage. Kada a ce motar Ilu ta sauke fasinja a rabin hanya."

Ina kan ƙarasawa yanzu, ina aiki ina karatu. Har yau in yara masu shirin shiga karatun jinya suka tambaye ni wacce ta fi, kaina ɗaurewa yake yi, ba ni da amsar da zan ba su. Abin da na sani shi ne gajerar ta kai ni bakin gadonsa da allura a hannu tun yana da rai. Kwanan baya makaranta ta ce in zaɓi fannin da zan ƙware a kai, na ɗauko waya zan kira shi ya tambayo mini, sai na tuna.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya kai bayin Allah masauƙinsu lafiya, Allah ya kai shi nasa ta gajeriyar hanya, ba zagaye. Amin.